Yadda Za Ka Zaɓi Kujera a Jirgin Sama Idan Tafiyar Mai Nisa Ce

Da yawa daga masu tashi daga filin jirgin sama na Nnamdi Azikiwe zuwa ƙasashen waje ba sa sanin inda za su zauna sai an miƙo musu katin shiga jirgi a kan kanta. A lokacin kuwa masu zaɓe sun riga sun zaɓa, abin da ya rage shi kwamfuta ke raba wa saura, kuma galibi kujerun tsakiya ne da na can ƙurya kusa da ban-ɗaki. Tafiyar Abuja zuwa Legas ko Kano ba ta kai a damu ba. Amma Landan, Faris, Farankfot, Istanbul ko Doha, zaman awa shida zuwa bakwai ne, kuma mai zarcewa Sin ko Amurka yana da wani zaman a gaba wanda ya kan fi na farko tsawo. Wanda ya taso daga Jos da safe ya biyo ta Akwanga da Keffi, ya riga ya sha zaman mota kafin ya ga jirgin ma.

Babu wata lamba guda da za a ce ita ce kujera mafi kyau. Lambar da ta yi daɗi a wani jirgi, a wani jirgin tana jikin ƙofar ban-ɗaki. Abin da ke aiki shi ne ka san jirgin, ka san abin da jikinka ya fi buƙata, sannan ka zaɓa da hannunka tun da wuri.

Mataki na farko: karɓi lambar rajistar tafiyarka

Kowane tikiti yana da lamba mai haruffa da alƙaluma guda shida. Idan ta hannun ejan ka saya, a Wuse ne ko a Jos, ka ce ya ba ka wannan lambar, kuma ka tabbatar lambar kamfanin jirgin ce, domin wani lokaci lambar da ke cikin na'urar ejan ta kan bambanta da wadda kamfanin ke amfani da ita. Ka shiga shafin kamfanin ko manhajarsa ta waya, ka nemi wurin da aka rubuta "Manage booking", ka sa lambar da sunan ƙarshe kamar yadda yake a fasfo. Nan za ka ga taswirar kujeru.

Ka nemi ejan ya sa lambar wayarka da imel ɗinka a cikin rajistar, ba nasa kaɗai ba. Idan aka sauya jirgi ko kujera, saƙon can yake zuwa.

Abu ɗaya da ke rikita mutane: kamfanin da ya sayar maka da tikiti ba lallai ne shi zai ɗauke ka ba. Duba tikitin, idan ka ga "operated by" da sunan wani kamfani, to jirgin wancan ne, kuma sau da yawa a shafinsa za ka iya zaɓen kujera. Haka nan kowane zango da kujerarsa. Zaɓen da ka yi na Abuja zuwa Adis Ababa bai shafi na Adis Ababa zuwa Gwanzu ta ƙasar Sin ba, kuma zango mafi tsawo shi ya fi cancantar kulawarka da kuɗinka.

Mataki na biyu: gane irin jirgin

Sunan jirgin yana rubuce a tikiti ko a shafin rajista. A ajin gama-gari, wato ikonomi, tsarin sahu ya kan kasance haka:

Airbus A330 yana da biyu a hagu, huɗu a tsakiya, biyu a dama. Boeing 787 da Airbus A350 uku-uku-uku ne a yawancin kamfanoni. Boeing 777 an fi samun sa da uku, huɗu, uku, kodayake akwai kamfanonin da suka bar shi a uku-uku-uku. Boeing 737 da dangin Airbus A320 kuwa hanya ɗaya gare su, uku a kowane gefe, kuma kada ka ɗauka sai tafiyar cikin gida ake sa su, ana haɗuwa da su a hanyoyin Alƙahira da Adis Ababa.

Bambancin ba a ido kawai yake ba. Faɗin kujera a 787 mai mutum tara a sahu, da 777 mai mutum goma, wajen inci 17 ne. A A330 da A350 ya kan kai kusan inci 18. Inci ɗaya kamar ba komai ba, amma mai faffaɗar kafaɗa ko mai jiki zai ji shi a awa ta uku. Tazarar da ke tsakanin kujera da ta gabanta kuma yawanci inci 30 zuwa 32 ce, wato santimita 76 zuwa 81. A ajin da ke tsakanin ikonomi da na 'yan kasuwa ta kan kai wajen inci 38. Idan kana da zaɓi tsakanin jirage biyu a farashi ɗaya, 787 da A350 suna da wata fa'ida: an tsara matsin iskar cikinsu kamar kana kan tudu mai tsawon ƙafa 6,000, ba 8,000 kamar tsofaffin jirage ba, iskar kuma ba ta kai tasu bushewa ba, don haka ciwon kai da bushewar maƙogwaro su kan yi sauƙi.

Taswirar da kamfani ke nunawa ba ta faɗin komai. Shafi irin AeroLOPA yana zana jiragen kamfanoni daki-daki, har da inda kowace taga ta faɗo. Ka kula, kamfani ɗaya yana iya mallakar 777 ko 787 mai tsari biyu ko uku, saboda haka ka gwada adadin sahu da wurin ban-ɗakuna da abin da kake gani a shafin rajistarka kafin ka yarda taswirar jirginka ce.

Game da haruffan kujeru: kujera mai harafin "A" ita ce tagar hagu kullum idan ka fuskanci gaban jirgi. Tagar dama a manyan jirage K ce, wasu kamfanoni L. Ba a amfani da harafin I saboda yana kama da lamba 1. Sauran haruffan kuwa kada ka yi musu hasashe, C bakin hanya ce a yawancin jirage, amma F tana iya zama taga a ƙaramin jirgi, bakin hanya a wani, tsakiyar tsakiya a wani.

Mataki na uku: taga ko bakin hanya

A nan ne ya kamata mutum ya faɗa wa kansa gaskiya. Sau nawa kake tashi fitsari a cikin awa shida? Kana iya barci a zaune? Za ka so yin alwala?

Taga ta mai barci ce. Akwai bango da za ka jingina kai, ba mai tashin ka don ya wuce, kuma murfin tagar a hannunka yake. A 787 babu murfi, maɓalli ne ke duhunta gilashin, kuma ma'aikata suna iya duhunta dukkan tagogi daga wurinsu. Illarta ita ce a sahun mutum uku sai ka tayar da biyu kafin ka fita, kuma mai kunya ya kan gwammace ya daina shan ruwa da ya dami mutane. Wannan kuskure ne mai cutarwa. Jikin bangon kuma yana da sanyi, a tafi da rigar sanyi ko mayafi mai kauri. Akwai sahun da ba su da taga sam, saboda bututun iska ya bi ta wurin, ka biya kuɗin taga ka tarar da bango. Taswira mai kyau ce kaɗai ke nuna su.

Idan tafiyar rana ce, rana ma abin lissafi ce. Mai nufar Turai daga Abuja arewa ya dosa, don haka da safe rana tana dama, da yamma tana hagu. A dawowa abin ya juya. Wanda ya tashi daga Abuja zuwa Turai da dare zai ga ɓullowar alfijir ta dama.

Bakin hanya ta mai yawan tashi ce: dattijo, mai ciwon suga, mai juna biyu, mai ciwon gwiwa ko baya, da duk wanda likita ya gargaɗe shi kan daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Binciken Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna haɗarin wannan daskarewar yana kusan ninkawa idan zaman tafiya ya wuce awa huɗu, kuma maganin farko shi ne tashi a taka, da motsa ƙafa a zaune. Mai son yin alwala ya yi salla a kan lokaci ma bakin hanya ta fi masa. Abin da za ka haƙura da shi: keken abinci da masu wucewa za su riƙa gogar kafaɗarka, kuma kada ka bar gwiwa ko ƙafa a hanya kana barci.

Ga wanda ke tafiya shi kaɗai a jirgi mai uku-uku-uku, shawarar da ta fi ƙarfi ita ce bakin hanya a rukunin tsakiya. Dalili: a rukunin gefe mutum biyu ne za su tsallake ka, na taga da na tsakiya. A rukunin tsakiya kuwa mutum ɗaya ne kawai a tsakani, shi ma yana da hanya ta ɗaya ɓangaren, kuma idan da abokin tafiyarsa a can, ta can zai riƙa fita. Ƙari a kan haka, tsakiyar rukunin tsakiya ita ce kujerar da ake cikewa daga ƙarshe, don haka in jirgi bai cika ba kana da damar samun wuri fanko a gefenka.

A A330 lissafin ya sauya. Kujeru biyun gefe su ne zinariyar jirgin, musamman ga miji da mata, ko mace da 'yarta, ko matar da ba ta son zama a matse tsakanin maza baƙi. A 777 mai uku-huɗu-uku ma akan samu irin waɗannan biyun a sahun ƙarshe-ƙarshe, inda jikin jirgi ya tsuke aka cire kujera ɗaya. Mai taga a wurin zai tarar da ɗan fili tsakaninsa da bango, yana da amfanin ajiye ƙafa amma jingina kai ta kan yi wuya.

Mataki na huɗu: gaba, kan fiffike, ko baya

Mai tsoron gargada ko mai saurin tashin zuciya ya zauna daidai kan fukafukai ko ɗan gabansu. Nan ne tsakiyar nauyin jirgi, motsi ya fi sauƙi, wutsiya kuwa ita ta fi lilo, kamar dai bayan doguwar bas a kan hanya mai ramuka. Wannan ya fi muhimmanci da damina, lokacin da hadari ke haɗuwa a sararin yankinmu. Sai dai fiffike zai tare maka kallon ƙasa.

Ƙarar inji ta fi yawa daga fiffike zuwa baya. Gaba ya fi shiru, kuma daga gaba ake saurin fita. Idan tsakanin saukarka da tashin jirgi na biyu bai wuce awa ɗaya da rabi ba a Doha, Istanbul ko Adis Ababa, nemi bakin hanya a gaba-gaba, kuma ta hagu in da hali, domin ƙofofin hagu ake fita da su. Daga sahun ƙarshe na babban jirgi fita kan ci minti goma sha biyar ko fiye, sannan ka tarar da duk mutanen jirgin sun riga ka layin binciken fasfo.

Baya ma yana da nasa alheri. Can aka fi samun kujeru fanko, kuma kamfanoni da yawa suna fara shigar da mutanen baya, abin da ke ba ka wurin sa jaka a sama kafin ya cika. Duk wanda ya san yawan kayan hannun da muke shiga jirgi da su ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka guji sahu na ƙarshe ɗin kansa, da duk sahun da ya jingina da bangon ban-ɗaki ko kicin: kujerar ba ta cika kwantawa sosai ba, hasken kicin da hirar ma'aikata ba sa yankewa, masu jiran ban-ɗaki suna tsaye a kanka, ga ƙarar zuƙar ruwa duk bayan 'yan mintoci. Bar tazarar sahu uku zuwa huɗu. A wasu jiragen ma babu ma'ajiyar jaka a saman rukunin tsakiya na can baya, saboda ɗakin hutun ma'aikata yana sama.

Zaɓin abinci kan ƙare wa na ƙarshen rabo, a ce kaza ta ƙare sai taliya. Hanyar kauce wa wannan ba kujera ba ce. Ka nemi abinci na musamman a shafin rajista, na halal ko na masu ciwon suga, aƙalla awa 48 kafin tashi. Shi ake fara kawowa ko ina kake zaune. Qatar Airways da Turkish Airlines abincinsu dama na halal ne.

Kujerun da ake rububi, da abin da ba a faɗa maka

Sahun ƙofar gaggawa shi ne mafarkin dogon mutum, domin akwai filin miƙe ƙafa. Amma wurin aiki ne, kuma yana da sharuɗɗa. Dole ka kasance mai ƙarfin buɗe ƙofa da taimakon wasu, mai gani da ji sosai, mai fahimtar umarnin ma'aikata da Turanci ko harshen kamfanin. Ba a sa yara, yawancin kamfanoni suna farawa daga shekara 15 ko 16. Ba a sa mai goyo, ko mai buƙatar keken guragu, ko mai buƙatar ƙarin ɗamarar kujera, kamfanoni da yawa ba sa sa mai juna biyu. Kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗa ya saya wa Baba ko Hajiya wannan kujera don su miƙe ƙafa. Ma'aikata suna da ikon tayar da su, kuma idan sharaɗi ne ba a cika ba, kuɗin ba lallai ya dawo ba, sannan a mayar da su duk inda ya rage.

Ko ka cika sharuɗɗan, ka san da waɗannan. Teburin cin abinci da allon kallo suna cikin hannun kujera, don haka hannun ba ya ɗagawa kuma kujerar ta ɗan fi matsewa. Lokacin tashi da sauka ba a barin komai a ƙasa, jaka sai a sama, allon ma sai an naɗe. Kujerar taga a jikin ƙofa sau da yawa akwatin tsanin roba na gaggawa ya turo ya cinye rabin filin ƙafarta, kuma sanyi na shigowa ta nan. A manyan jirage filin gaban ƙofa shi ne matattarar masu jiran ban-ɗaki da masu miƙe jiki. A ƙananan jirage kuma sahun da ke gaban ƙofar gaggawa ba ya kwantawa baya, kada ka ɗauke shi bisa kuskure.

Sahun da ke fuskantar bango shi ma haka: ba mai kwanto maka kujera a fuska, gwiwa na samun sarari, amma ba inda za ka zura ƙafa, don haka dogo sosai wani lokaci ya fi jin daɗi a kujerar da ke da ƙarƙashin ta gaba. Kuma nan ake rataye gadon jarirai.

Masu tafiya da iyali da dattawa

Mai jaririn da bai kai shekara 2 ba ta nemi sahun bango mai gado tun ranar sayen tikiti, ta waya ko a ofishin kamfanin, domin gadajen kaɗan ne. Suna da iyakar nauyi, a kamfanoni da dama wajen kilo 10 zuwa 11, kuma idan aka kunna alamar ɗaura ɗamara akan ce a ɗauke jaririn a riƙe. Iyayen 'yan biyu su sani cewa ba a cika barin jarirai biyu na kan cinya a rukunin kujeru ɗaya ba, saboda yawan abin shaƙar iska na gaggawa da ke saman kowane rukuni a ƙidaye yake. Uwa da uba sai su zauna bakin hanya biyu masu kallon juna.

Iyali mai mutum huɗu, rukunin tsakiya na A330 ko 777 ya ɗauke su cif, manya a bakin hanya, yara a ciki. Kada a dogara da cewa za a roƙi mutane su sauya a cikin jirgi. Idan kowa da lambar rajistarsa daban, kwamfuta ba ta san ku tare kuke ba, a gaya wa kamfani ya haɗa bayanin.

Dattijo mai wahalar tafiya a nema masa keken guragu aƙalla awa 48 kafin tashi, da kujerar bakin hanya wadda hannunta ke ɗagawa, sahu uku ko huɗu daga ban-ɗaki. Mai rakiyarsa ya zauna a gefensa, ba a ƙetaren hanya ba. Jigilar alhazai tana da nata tsari, ba kasafai maniyyaci ke zaɓa ta intanet ba, don haka a sanar da jami'an hukumar alhazai ta jiha halin dattijon tun a sansani.

Akwai dabarar da ma'aurata ke yi a sahun mutum uku: ɗaya ya ɗauki taga, ɗaya bakin hanya, a bar tsakiya da fatan ba mai zuwa. Tana ci idan jirgi da sauran wuri, musamman a baya. A Disamba, da hutun ƙarshen zangon karatu, da Satumba lokacin komawar ɗalibai, da Umarar Ramadan, jirage cike suke, kada a sa rai. In wani ya zo, ba wuya, "Alhaji, don Allah ko za ka karɓi taga mu zauna tare?" Ba mai ƙin barin tsakiya. Ƙa'idar musanya kenan a ko'ina: ka ba da wadda ta fi ko ta yi daidai, kada ka nemi bakin hanyar mutum ka miƙa masa tsakiya.

Lokaci, kuɗi, da inda abin ke ɓaci

Tikiti mafi arha yawanci ba ya haɗa da zaɓen kujera kyauta kafin lokaci. Ko dai ka biya, ko ka jira a buɗe tantancewar intanet, wato "online check-in" inda ake karɓar katin shiga jirgi, wadda ke farawa awa 24 kafin tashi a British Airways, awa 48 a Qatar Airways, sauran kamfanoni kuma galibi a tsakanin nan. Wasu tikitocin ko a lokacin sai an biya kafin a sauya abin da kwamfuta ta bayar, ka karanta sharaɗin naka. Mai tafiya shi kaɗai wanda kowace bakin hanya ta ishe shi yana iya jira, ya sa ƙararrawar waya ya shiga a mintin da aka buɗe. Mai iyali, dogo, mai larura, da mai zangon da ya wuce awa takwas, biyan ya fi masa. Idan katin banki na naira ya ƙi wucewa a shafin, ofishin kamfanin ko ejan na iya karɓar kuɗin.

Bayan ka zaɓa, ɗauki hoton shafin da rasit. Ka sake dubawa mako guda kafin tafiya, sannan ranar da aka buɗe tantancewa. Kamfani kan sauya jirgi, a cire A330 a kawo 787, kujerarka ta mutum biyu ta koma tsakiyar uku ba tare da kowa ya kira ka ba. Idan kujerar da ka biya aka raba ka da ita ba a ba ka makamanciyarta ba, kana da damar neman kuɗinka, kuma rasit ɗin ne hujjarka. Sauya ranar tafiya ma yana goge zaɓen, sai an sake.

A filin jirgi, karanta lambar da ke kan katin kafin ka bar kanta, har da katin zango na biyu. In ba ta yi maka ba, tambayi ma'aikacin cikin ladabi ko akwai bakin hanya, ka sake tambaya a ƙofar shiga, domin a nan ake sakin kujerun waɗanda ba su zo ba. Zuwa da wuri, awa uku kafin tashi, yana ƙara maka dama.

A cikin jirgi kada ka koma kujera fanko da kanka kafin tashi. An lissafa rabon nauyin jirgin bisa inda kowa yake zaune, kuma mai kujerar yana iya shigowa a ƙarshe. Tambayi ma'aikaciya, yawanci za ta ce ka bari a rufe ƙofa ko a daidaita a sama. Da zarar ka zauna, gwada maɓallin kwantar da kujera, allon kallo, da wurin cajin waya tun jirgi yana ƙasa, in akwai wanda ya lalace ka faɗa nan take, lokacin da sauya maka wuri yake da sauƙi. Sannan ka ƙirga sahu nawa ne tsakaninka da ƙofar gaggawa mafi kusa, ta gaba da ta baya, domin idan hayaƙi ya cika wuri da hannu ake laluben kujeru har a kai ƙofa.